Lemun Rabin Duro

Zan faɗi wannan al'amari bi da bi, yadda ya faru, domin wanda ya fara daga tsakiya ba zai gane inda matsalar take ba.

Na farko, filin. Bayan gidanmu a Lolo akwai wani fili da ya gangara wajen fadama. Na kakanmu ne, ba a raba shi ba, kuma wanda ya fi kowa girma a dangi shi ke da magana a kansa. Tun ina saurayi, kafin in yi aure, wani mutumin kudu ya sauka garinmu da akwatin ƙarfe cike da sufana da kayan gyara. Kirista ne, daga can gabashin ƙasa. A lokacin injin ban-ruwa ya fara shigowa fadamarmu, kuma in ya lalace sai an ɗauke shi zuwa Bagudo ko ma gaba. Mahaifina ya zauna ya ga mutumin ya kwance injinmu ya mayar da shi, bai bar ko ƙusa ɗaya a ƙasa ba. Sai ya ba shi aron filin nan ya zauna. Gari ya riƙa ce masa Mai Inji. Ni ina ce masa Oga, shi yana ce mini Malam, ko da yake karatuna bai wuce allo da firamare ba.

Na biyu, sharaɗin. A wajenmu aron ƙasa yana da doka, kuma kowa ya san ta. Wanda aka ara wa ƙasa zai iya gina ɗaki, ya kafa rumfa, ya shuka masara da kuɓewa da duk abin da ake girbewa a shekara. Abin da ba zai yi ba shi ne dasa itace. Ɗaki yana rushewa, hatsi ana girbe shi, amma itace yana daɗewa fiye da wanda ya dasa shi, kuma wata rana jikansa zai tsaya gaban mai gari ya ce kakana ya dasa wannan, don haka ƙasar tamu ce. In kuma za a mayar da ƙasar aro, da rana ake mayar da ita, gaban babban gida, wato wanda ya fi kowa girma a dangi, ba wani abu mai rai a kanta.

Ina tsaye lokacin da mahaifina ya gaya masa.

"Ka gina, ka noma, ka haihu," ya ce. "Icce ɗai na ban yarda ba."

"Na ji, Baba," in ji Mai Inji.

Na uku, lemun. Da Mai Inji ya je gida ya yi aure, matarsa ta zo da ɗan tsiron lemu a gwangwanin madara, daga bayan ɗakin mahaifinta. Madam muke ce mata. Ta so ta dasa shi a ranar da ta iso, mijin ya hana ta. Na ji suna ta yi da yarensu har la'asar. Washegari ya yanka duron man fetur gida biyu, ya huda gindin rabi ɗaya, ya ɗora shi kan bulo, ya cika shi da ƙasar fadama, ya sa tsiron a ciki. Sannan ya je ya kira mahaifina ya zo ya gani. Mahaifina ya zagaya duron, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashi, ya ga haske yana wucewa tsakanin duro da ƙasa. Ya miƙe yana dariya.

"Wanga baƙo ya san doka," ya ce.

Daga nan kowace shekara, in damina ta kusa, Mai Inji yakan kira ni da wasu mu ɗaga duron mu matsar da shi gefe, ya bi da wuƙa ya datse ƙananan saiwoyin da suka leƙo ta hudojin. Haka muka yi ta yi har mahaifina ya rasu, ƙanensa, Baffa, ya zama babban gida. Duron ya ƙara nauyi, Mai Inji ya fara ciwon baya, mu ma kowa ya tara iyali. Wata shekara aka ce sai mako mai zuwa, mako mai zuwa aka shiga shuka. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a daina. Ruwan da ke malalowa daga unguwa ya riƙa tara ƙasa a gindin duron har bulon ya ɓace. Lemun da ya daɗe bai wuce ƙirjina ba sai ya miƙe ya wuce katanga, ya fara 'ya'ya masu yawa. Madam ta ce kashin kaji ne da take zuba masa. Muka yarda, muka sha lemu.

'Ya'yansu sun tashi tare da nawa. Babban, wanda aka haifa a ɗakin nan, ya tafi gabas karatu bai dawo ba.

Sai maganar ƙuri'a ta shigo. Ta fara daga rediyo, ta koma wayoyin hannu. Aka ce wasu daga mutanen yankin su Mai Inji suna kiran a yi musu ƙuri'ar raba gardama, kowa ya faɗi ko yana son zama cikin ƙasar nan ko yana son su kafa tasu. Har yau da nake wannan rubutu ba wanda ya sa rana, ba wanda ya ga akwati. Amma maganar ta riga ta zauna a kasuwa.

Ni manomin albasa ne. Ranar kasuwar Lolo nakan zauna a bencin shagon Mai Inji in jira motar da ke kai kayanmu kudu. Wata ranar kasuwa muna zaune da direban motar, sai ga babban ɗan Baffa. Ya girme ni, Yaya nake ce masa, kuma bayan Baffa shi ne babba a gidanmu. Mutum ne mai son gardama, ba ya kuma mantawa da abin da aka faɗa a cikinta.

"Oga," ya ce, "an ce za ku ɓalle. To ku tahi da manku. Mu ga ko da shi za ku tuƙa tuwo."

Mai Inji bai ɗago daga injin da yake kwancewa ba. "Ku kuma ku matse albasa ku zuba ma inji, mu ga ko shi tashi."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

"Ku dai ku yi ta wasa," in ji direba. "Ni ka kwana bisa hanya. Yanzu ma da muke ƙasa guda, shingayen da ke tsakanin nan da can sun ishe ni. In anka sa boda, ga kwastan namu ga nasu, albasa ta yi ta kwana cikin zahi tana jiran hatimi, mi za ni kai musu? Ruwa?"

"Sai mu kai ta wani wuri," in ji Yaya.

"Ina? Wa ka cin albasa awa su? Kai da ko miyar gidanka ba ka bari a sa biyu?"

Yaya ya share wannan. Ya juya ga Mai Inji. "To hwaɗa muna gaskiya. Sabuwar ƙasar taku tana iya riƙe kanta?"

Mai Inji ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Man da kuke magana ba garinmu yake ba," ya ce. "Yana can gaba, wajen mutanen bakin ruwa, kuma ban ji wanda yat tambaye su ko suna biye da mu ba. Mu arzikinmu shago na. Shagunanmu kuwa suna garuruwan mutane, awa wanga. In duk munka koma gida rana guda, kowa da kayan gyara bisa kai, wa za ya sayi na wani?"

"To mi ya sa ɗanka ke ta ihu cikin waya?"

"Don shi ma yana da tashi gaskiya. Ya gama karatu ba aiki. Hanyar garinmu ta mutu tun yana yaro. Ya ce in ƙasar tasu ce, ko ba komi ya san ƙohwar da za ya buga."

Ban sa baki ba, domin ban saba magana kan abin da ban gani ba. Ban san mai ba, ban san teku ba. Iyaka kuwa na san ta, tun da a bakinta aka haife ni. Dangin mahaifiyata suna ƙetare, cikin Benin. Harshenmu ɗaya, jana'izarmu ɗaya, amma in zan je wajensu sai na canja naira zuwa sefa, kuma mai canji yana cin nasa a zuwa, yana ci a dawowa. Shekarun da aka rufe boda na ga ciyawa ta tsiro cikin rumfunan kasuwar Lolo. A lokacin ne yayar mahaifiyata ta rasu a can, na je gaisuwa cikin kwalekwale, ina sunkuyar da kai kamar wanda ya saci akuya. Ba a kwashe ƙasar noma ba, kogi bai ƙafe ba, shanu ba su mutu ba, hanya kawai aka toshe, kuma gari ya rame. Don haka in na ji mutum yana lissafa abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa, ni tambayata ita ce ta ina zai fitar da shi, kuma wa ke tsaye a wurin.

Bayan wannan ranar abubuwa suka fara sauyawa, a hankali. Mai kemis ɗin da ke kusa da tasha, shi ma mutumin kudu ne, ya tura iyalinsa gida ya ce hutu ne, ba su dawo ba. Wani tela, shi ma nasu ne, ya sayar da kekensa ɗaya. Ranar Lahadi nakan ji waƙar cocinsu daga gonata, sai na lura muryoyin mata sun ragu. Mutanen da suka shekara suna ce wa Mai Inji "kai" suka koma ce masa "ku." Wani daga garin Sharabi ya kawo inji gyara, kafin ya tafi ya ce in shagon zai tashi a tuna da shi, alhali Mai Inji bai gaya wa kowa zai tashi ba. Wata safiya kuma na hango Yaya yana tafiya a gefen filin, daga kusurwa zuwa kusurwa, yana buɗe ƙafa fiye da tafiyarsa ta kullum. Da ya gan ni ya ce tunkiya yake nema.

Ba a daɗe ba Mai Inji ya zo zaurena da hantsi. Ya cire hula, ya ƙi benci, ya zauna a tabarma. Ya kunna mini saƙon murya da ɗansa ya aiko. Da yarensu ne, amma na ji zafin muryar.

"Mi yac ce?"

"Ya ce in dawo kahin a ruhe hanya. Ya ce uwarsa ba ta barci, tana tuna abin da iyayenta sunka ba ta labari na lokacin yaƙi. Ya ce nan ba ni da ko inda za ni aje ƙahwa da sunana." Ya kashe wayar. "Malam, bai yi ƙarya ba. Abin da bai sani ba, can ma haka na. Gonar ubanmu 'yan'uwa sun raba ina nan ina gyaran injinku. Abin da sunka bar min ya isa kabari, bai isa ɗaki ba. In anka ja layi, nan ni baƙo, can ni baƙo."

Na san bai zo ga maganar ba tukuna.

"Ka roƙa min Baffa," ya ce. "In sauke lemun ga ƙasa. Icce guda."

Na gane abin da yake nema. In lemun ya shiga ƙasa da yardar babban gida, to shi da 'ya'yansa sun sami wurin da ba mai tashinsu, ko a yi ƙuri'a ko kada a yi. Na ce masa abin yana da tsari. Ni zan kai wa Baffa. In Baffa ya ga da hanya, zai tara dangi. In dangi sun yarda, sai a je gaban mai gari. Ban yi masa alkawarin komai ba sai kai maganar, kuma a ranar na kai ta.

Na sami Baffa a rumfarsa, rediyo a gefen kunne. Ya saurare ni har na gama.

"Da shekarun baya yat tambaya, da na duba," ya ce. "Yanzu a'a."

"Baffa, mutumin ga bai taɓa saɓa muna ba."

"Na sani. Ba shi nika tsoro ba. Ka tuna gonarmu ta ƙetare?"

Na tuna, ko da yake ban taɓa noma ta ba. Kakanmu yana da gona a wurin da ya faɗa ɓangaren Benin. Ya ara wa wasu, suka dasa mangwaro, bai hana ba don suna mutunci. Da 'ya'ya suka tashi neman gonar, sai aka ce su je ofis, a ofis kuma Faransanci ake yi, mangwaron kuwa yana tsaye kowa yana gani. Har yau in mun wuce ta wurin sai dai mu sayi mangwaron.

"In ƙasa ta rabu," in ji Baffa, "iccen na wa? Na mutumin wata ƙasa, cikin hilin kakanka. Shi ba ya yi muna komi. Jikanshi da ba mu sani ba hwa?"

"Ai ba a ma sa rana ba, Baffa."

"Shi ya sa. Da an sa rana da na san abin da ke gabana."

Na koma na gaya wa Mai Inji amsar yadda aka ba ni ita, ban ƙara ba ban rage ba. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode. Bayan 'yan kwanaki ya zo ya ce sun yanke shawara. In an kwashe albasa za su bi motar kudu. Zai mayar da filin yadda doka ta ce. Lemun kuma ya bar mini, a ɗauke duron a kai cikin gidana in dasa shi a tawa ƙasar.

"Ku riƙa sha," ya ce. "In Madam ta tambaya in ce mata yana da rai."

Ranar mayar da fili aka kawo wa Baffa kujera aka ajiye a inuwar katanga. Rana ta ɗaga sosai. Motar albasa tana tsaye a bakin hanya, an ɗaure kayansu a saman buhuna, har da akwatin ƙarfen da ya zo da shi. Madam ta share ɗakin, ta cire labule, ta tsaya a ƙofa da jakarta. Yaya yana nan, direba yana nan, da 'yan dako da muka kira. Abu ɗaya ya rage a filin, shi ne duron.

Aka ɗaura igiya, aka zura sanduna, aka ce bismillah, aka ɗaga. Duro bai motsa ba.

"Oga, ko nan kaka ɓoye tsohon ƙarhe?" in ji direba.

Aka ƙara mutane, ni ma na sa kafaɗa. Muka sake ɗagawa. Duron ya yi ƙara, tsatsa ta zubo kamar garin barkono, ganyen lemun ya girgiza har sama, amma gindin yana inda yake. Na ce a dakata. Na ɗauko fartanya na fara tone ƙasar da ta taru a gefe. Na sami bulo na farko, ya nutse. Na ƙara tonawa, na sa hannu ƙarƙashi don in taɓa gindin duron. Babu gindi. Tsatsa ta cinye shi tuni. Abin da hannuna ya taɓa saiwa ce, kaurinta ya kai damtsena, ta bi tsakanin bulo ta shige ƙasa. Da na ƙara share wurin sai ga wasu sun miƙe ta wajen fadama.

Na matsa gefe don kowa ya gani da idonsa. Madam ta sa hannu ta rufe baki. 'Yan dako suka saki sanduna. Mai Inji ya je gaban Baffa ya durƙusa.

"Baba, Allah na gani, ban sani ba."

"To ai magana ta ƙare," in ji Yaya. "Icce na ƙasa, doka ta karye. A kawo gatari. In ba haka ba, gobe ɗanshi ya zo muna da fasfo na wata ƙasa ya ce ga iccen ubanshi."

A bisa doka Yaya bai yi kuskure ba, kuma duk wanda ke wurin ya san haka. Wani daga cikin 'yan dako har ya juya zai tafi neman gatarin. Na ce masa ya tsaya, ba wanda zai ɗauko komai kafin babba ya yi magana.

Baffa ya daɗe a zaune. Sannan ya dogara sandarsa ya tashi, ya zagaya duron a hankali, yadda mahaifina ya yi a da. Sai dai shi bai durƙusa ba, bai kuma dubi ramin ba. Ya tsaya ta ɗaya gefen.

"Maida ƙasar da ka tone," ya ce mini.

Na mayar, na daddanna da ƙafa.

Ya ƙwanƙwasa duron da sanda. "Mi na wanga?"

"Duro na, Baffa."

"Iccen na ina?"

"Cikin duro."

"To ni duro nika gani. Na tsuhwa, ba ni iya duƙawa." Ya juya ga Mai Inji. "Kai kuma tashi. Da kaz zo, ba komi bisa hilin ga. Ba ni karɓar shi da kaya. Ran da ka iya ɗauke kayanka, ka zo ka maido. Kahin nan aro na nan yadda ɗan'uwana ya bar shi. Ban ƙara ma komi ba, ban rage ma ba."

"Baba," in ji Yaya, "in duron ya ƙare hwa?"

"Ran da duro ya ƙare, icce na ƙasa, kowa na gani. Sai a yi abin da doka tac ce."

"Wa za a tambaya?"

"In ina da rai, ni. In ba ni nan, wanda ke nan."

Yaya ya dubi duron, ya dubi mahaifinsa, ya sa hannu a aljihu ya tafi.

Direba ya ce rana tana yi, albasa ba ta son zafi. Mai Inji ya tsaya tsakanin motar da ɗakin, ya daɗe. Sannan ya hau motar, ya kwance akwatin ƙarfensa, ya sauko da shi, da katifa ɗaya da tukunya. Sauran kayan ya bar su a sama. Shi da Madam suka yi magana da yarensu, a hankali, ban tambayi abin da suka ce ba. Ita ta hau gaban mota. Kafin a ja ƙofa ta kira ni.

"Malam, ka sa mai ido. Ba ya cin abinci in ba a ce ya ci ba."

Na ce to. Motar ta tashi.

Ga yadda abubuwa suke yanzu. Mai Inji yana ɗakin shi kaɗai, ba labule. Ya buɗe shago, amma rabin kantocin ba kaya, kuma ba ya saro sabo sai abin da aka riga aka nema. Daga gidana ake kai masa tuwon dare. Ɗansa ya daina aiko da saƙo na wani lokaci, sannan ya ci gaba. Rediyo wani mako ta yi shiru da maganar ƙuri'a, wani mako ta dawo da ita da ƙarfi, kuma duk ranar da ta dawo, masu zama a bencin shagonsa sukan ragu.

Kowace safiya kafin ya tafi shago yakan duba duron. Yana shafa masa baƙin mai don tsatsa, ya ɗaure shi da waya sama da ƙasa. Ya daina zuba wa lemun ruwa ta ciki don kada ƙarfen ya jiƙe, lemun kuma bai damu ba, yana sha daga fadama, yana ƙara kauri, yana tura duron daga ciki. Ya taɓa tambayata ko zai iya yanko sabon duro ya rufa wa tsohon. Na kai wa Baffa. Baffa ya ce a'a, duron da ɗan'uwansa ya gani shi ne duro.

Baffa yanzu ba ya fita sai Juma'a, ita ma sai an riƙe shi. Yaya ya sayi bulo na siminti ya jibge a bakin filin, daidai inda iyakarmu take, bai shiga ko taki ɗaya ba. Ya ce rumbun albasa yake son ginawa, bai faɗi a ina ba.

Daminar da ta wuce, bayan wani ruwa mai ƙarfi, na fito da safe zan tafi gona na tarar da su biyun a gindin lemun. Wani ɓangare na duron, faɗinsa kamar faranti, ya ɓalle ya faɗi, ana ganin saiwa ta wurin. Mai Inji yana tsugune yana ƙoƙarin mayar da shi da waya, ƙarfen yana marmashewa a hannunsa. Yaya yana tsaye a kansa, hannu a baya.

"Sannu da aiki, Oga," ya ce. "Kai ka san ƙarhe. Wanga damina nawa ta rage mai?"

Mai Inji bai ɗago ba. "Ƙaƙa jikin Baba?" ya ce.

"Da sauƙi," in ji Yaya.

Na ajiye fartanyata, na tsuguna, na riƙe masa ɓallen da hannu biyu har ya gama ɗaurewa. Da na saki, tafin hannuna duk ya yi ja da tsatsa. Yaya yana nan tsaye bai tafi ba.